Ƙasar Tafkuna ta Ingila

Jama'a, yau ga labarin wani wuri da na ziyarta a arewa maso yammacin Ingila, wanda Turawa ke kira Ƙasar Tafkuna. Daga Landan na shiga jirgin ƙasa, na sauka garin Wundamiya, kusa da tafkin da ya fi kowane girma a Ingila, tsawonsa ya haura mil 10. Tuddai sun kewaye shi, jiragen ruwa na ta kai da kawowa.

Tun 1951 Gwamnati ta keɓe ƙasar nan. Ko mai gona ba shi gina gida sai da izini. Amma ba a kori masu dabbobi ba, wannan kuwa shi ya fi ba ni sha'awa. Tumakinsu na kiwo bisa dutse ba shinge, kowace tunkiya ta san iyakar inda uwarta ta nuna mata, ba ta cika ƙetarewa ba.

To, wanda Allah ya nufa da zuwa, kada ya yi irin wautata. Na ga rana da safe, na bar rigar ruwa a masauki, na hau dutse. Kafin azahar ruwa ya kece, na sauko jiƙe sharkaf, na kwana uku ina fama da mura.