Kwalliyar Lokeshan, Bashin Wudil

Duk ranar Juma'a garin Wudil cika yake ya batse. Shanu na shiga kara, fatake na ciniki, kuɗi na yawo hannu-hannu. Amma wanda ya leƙa shagon tela da yamma zai ga inda wani kaso na kuɗin ke ƙarewa: budurwa ce riƙe da waya, tana nuna hoton jaruma, tana cewa, "Irin wannan sak nake so, kafin bikin ƙawata."

Abin ba yau ya fara ba. Tun zamanin Sangaya a 1999 da Wasila a 2000 'yan mata ke kwaikwayon ɗinkin 'yan fim. Sai dai a lokacin, dole a jira kaset ya iso daga Ƙofar Wambai. Yanzu fa? Shiri mai dogon zango irin su Labarina da Izzar So, da suka fara a 2020, ya koya wa 'yan kallo sabuwar kwalliya kowane mako. Wane aljihu ne zai jure?

Abin da masoya ba sa lura da shi shi ne, yawancin ƙyale-ƙyalen nan aro ne. Gidan da ake lokeshan na wani alhaji ne, haya aka yi ko alfarma. Motar ma haka. Leshin kuwa, wani mai kanti ne ke bayarwa don talla, ana gama ɗauka a ninke a mayar masa. Ita kuwa ta Wudil da kuɗin adashinta za ta tafi Kantin Kwari, in bai isa ba ta ƙara da bashi. Samari ma ba a bar su a baya ba: ɗalibi zai taɓa kuɗin rajista ya yanki gezna, wai shi ma jarumi.

Furodusoshi na da nasu laifin. A fim an ce yarinya 'yar talaka ce, amma kafin a ci rabin labari ta sauya kaya kala bakwai. Haba! Daga nan ake ɗauko tsarin lefe, har uba ya ja sansa ɗaya tilo zuwa kara don a cika akwati.

Leshin dai an sa shi sau ɗaya, an yi hoto, yana can ƙasan akwati. Uwar adashi kuma tana nan tafe ranar Juma'a.