Adamu Halilu da faifayen tarihin Arewa da ke ruɓewa a ɗakunan ajiya

Dattawan Mahuta, Funtuwa da Malumfashi ba su manta da majigi ba. Motar gwamnati kan shigo gari da yamma, a kafa farin allo a ƙofar fada, bayan sallar isha'i jama'a su taru su kalli fim kan noma, tsafta ko rigakafi. A wannan yanki na auduga, fim ɗin Baban Larai, wanda ya koyar da noman zamani, ya zauna a bakin mutane shekaru da dama. Sai dai kaɗan ne suka san sunayen waɗanda ke bayan irin waɗannan finafinai.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Adamu Halilu, wanda aka haifa a Garkida ta jihar Adamawa ta yanzu a 1936. Ya koyi rubutun fim da tace hoto a Landan da Rum, ya yi aiki a sashen finafinai na gwamnatin Jihar Arewa, ya kuma shirya gomman finafinan wayar da kai. A zamaninsa tace fim aikin hannu ne: a yanka faifai, a liƙa, a daidaita sauti da hoto, kuskure ɗaya ya jawo asarar kuɗi da kwanaki. A 1976 ya ba da umarnin Shaihu Umar, fim ɗin Hausa da aka gina kan littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayan kafa Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 1979, ya shugabance ta. Ya rasu a 2001.

Abin da ya biyo baya abin kunya ne. Shaihu Umar ya ɓace shekaru da yawa, har aka fidda rai da shi. Sai a 2016 aka gano faifayensa cikin ajiyar hukumar. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin a Jamus ce ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin a 2018. Fim ɗin Hausa ne, amma Jamusawa suka riga yawancin Hausawan wannan zamani ganinsa. Faifan fim kuwa ba ya jira: zafi da danshi suna cinye shi, ya yi tsami, ya narke.

Wani zai ce yankin da ke fama da 'yan bindiga da tsadar taki ba shi da lokacin tsoffin faifai. Maganar tana da nauyi. Amma wannan halin shi ne ya fi buƙatar shaida. Matasa suna ɗaukar bidiyon gonakin da aka ƙaurace wa da kasuwannin hatsi da wayoyinsu, su tura a WhatsApp, bayan mako guda a goge don samun wuri. Babu kwanan wata, babu sunan gari. Aikin mai tacewa ne ya tantance, ya jera, ya mayar da tarkacen hotuna labarin da jikoki za su fahimta.

Don haka nauyi biyu ne a gaba. Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos ta fitar da jerin ayyukan Halilu da suka rage, ta mayar da su na kwamfuta, ta kawo su garuruwan da aka yi su dominsu. Gwamnatin Katsina kuma, ta hannun Hukumar Tarihi da Al'adu, ta horar da matasa tace fim, ta ɗauki muryoyin tsofaffin manoman auduga na kudancin jihar, ta tanadi ma'ajiya mai inganci. Dattawan da suka kalli majigi suna ƙarewa, kowace jana'iza kuma tana tafiya da abin da ba a ɗauka ba.