Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kafintoci Masu Haɗa Gado



Ya ku iyayen gida da 'yan'uwa kafintoci, manyan shago da yaransu, ina gaishe ku, ina yi muku barka da aiki. Allah ya ƙara wa hannu albarka.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: kusurwar gado, wurin nan da dogon katakon gefe yake haɗuwa da ƙafa. Mai saye ba ya leƙa wurin. Uban amarya idan ya shigo shago, fuskar gado yake dubawa, da ƙyallin feshi, da madubi, da soson da aka lulluɓe da yadi. Da yake kowa ya san haka, sai aka tattara gwaninta a fuska, kusurwa kuwa aka bar ta da ƙusa uku 'yan inci huɗu, aka toshe giɓi da garin katako da gam, aka fesa. Kafin shekara ta zagayo gado ya fara ƙara, daga nan ya fara rawa, ƙarshenta ka tarar an tokare shi da bulo. Da wuya ka ga gadon da katakonsa ya karye a tsakiya. Kusan kullum haɗi ne yake saki.

Nauyin mutum biyu da katifa ba wani abu ba ne a wurin katako mai kyau. Girgiza ce take kashe gado: a zauna a baki, a jingina da fuska, yara su yi tsalle, a ja shi gefe don a share ƙarƙashi. Katakon gefe ƙafa shida ne, fuskar gadon yayi kuma wata ta kai tsayin mutum. Duk turin da aka yi mata daga sama, a wannan ɗan wurin da bai wuce tafin hannu ba yake sauka, kuma a ninke yake sauka. Ƙusa sumul take, ba ta da haƙori. Idan aka buga ta a kan katako ta inda zarto ya yanka, tsakanin jijiyoyi take kwantawa, ba ta ratsa su, don haka kowace girgiza tana ƙara buɗa mata rami.

Ga kuma hunturu. Yawancin katakon da ake saukewa a 'Yan Katako na Na'ibawa ko na Sabon Garin Zariya daga dazuzzukan kudu ya fito, inda iska take da danshi shekara duka, wani ma da ruwansa ake ɗora shi a tirela. Ya iso inda danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 a watan Janairu da Fabrairu. Dole ya tsotse. Katako ba ya raguwa a tsawo sai kaɗan ƙwarai, a faɗi da kauri yake raguwa, damina ta zo kuma ya sake kumbura. Haɗin da ka matse gam a watan Satumba, a Fabrairu za ka iya zura farce a cikinsa. Saboda haka matakin farko shi ne a jera katako a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane falanki da ɗan'uwansa don iska ta ratsa, a shafa wa bakinsa fenti kada ya tsage, a ba shi lokaci. Amma ko busasshen katako yana motsi, don haka dole a yi haɗin da ya san da zaman wannan motsin.

Gado yana da haɗi iri biyu, kuma cakuɗa su shi ne tushen ɓarna. Akwai wanda ba a son ya buɗe har abada, wato wanda ya riƙe fuska da ƙafafuwanta, da allon ƙarshen gado da nasa ƙafafuwan. Akwai kuma wanda dole ya kwance ya sake ɗauruwa, wato kusurwa huɗu. Gado a ƙasarmu matafiyi ne. Daga shago zai hau mota zuwa gidan iyaye, ranar jere a kai shi ɗakin amarya ta zaure da ƙofar da ba ta kai ƙafa uku ba, haya ta ƙare a sake kwashewa, kuɗin cizo ya shiga a fitar da shi rana. Gadon da aka kashe kusurwarsa da ƙusa, duk tashi sai an sa masa guduma, kuma duk bugu yana rage masa kwana.

A haɗi na farko babu abin da ya kai rami da harshe. Kaurin harshe ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon, ya shiga ƙafa aƙalla inci ɗaya da rabi, kafaɗunsa su zauna daram ba haske. Ya shiga da turin hannu da ɗan bugu kaɗan. In sai an yi masa dukan kawo wuƙa zai tsaga ƙafar, in kuwa yana lilo gam ba zai cece shi ba, domin farin gam ba ya cike giɓi, fuska biyu da suka haɗu yake riƙewa. A shafa shi a ramin da harshen duka, a matse, a duba da sukwaya, a bar shi ya kwana. Gam ɗin nan mai warin fetur na manna fomeka da leda ba na haɗin katako ba ne. Wanda ba shi da lokacin sassaƙa rami da cizal, ya sa fegin katako mai tauri guda biyu ko uku a kowane haɗi, mai kaurin milimita 10 ko 12. Ɗaya tak ba ya hana juyawa.

A haɗi na biyu ƙa'idar ita ce katako ya ɗauki nauyi, ƙarfe ya matse. 'Yan'uwanmu mazauna Sudan sun san angarib: ƙafa huɗu masu rami, sanduna huɗu masu harshe, saƙar igiya ko fata tana jan su wuri guda. An tono gadaje masu wannan ƙira a kaburburan Karma ta can Sudan da suka haura shekara 3,500. Mu a yau bol da noti ne a madadin igiyar. Ka fitar da ɗan gajeren harshe a bakin katakon gefe, rabin inci ya isa, ka yi masa rami daidai shi a jikin ƙafa, kada ka sa gam. Wannan harshen shi zai ɗauki nauyi, shi zai hana katakon murɗewa. Sannan ka huda ƙafar daga waje, hudar ta ratsa tsakiyar harshen ta shige cikin katakon gefe. Ka sa bol mai kaurin milimita 10, tsawon inci shida. Ta ciki, inda katifa za ta rufe, ka sassaƙa ɗan aljihun da noti zai zauna, nesa da baki da kamar inci uku, domin idan ya matso baki sosai zai ɓalle naman katakon ya fito. A sa washa mai faɗi a kai da gindi. In babu washa, kan bol zai yi ta nitsewa cikin katako har matsin ya tafi. Kan bol ɗin a nutsar da shi cikin ƙafa, a rufe da murfin da ake iya cirewa.

Amfanin wannan haɗin a hunturu yake bayyana. Katako ya tsotse, gado ya fara 'yar ƙara, maigida ya ɗauko sufana mai lamba 17 ya ba kowace kusurwa rabin juyi, shi ke nan. Amma fa ƙafar ta zama mai jiki, kada ta gaza inci biyu da rabi kowane gefe bayan an goge, katakon gefe kuma faɗinsa ya kai inci shida, kaurinsa ya haura inci ɗaya. Faɗin nan shi ne kafaɗar da take tokare girgiza.

Na san da yawa sun fi son ƙugiyar gado saboda sauri, a saƙala a danna. Ba laifi gare ta in an zaɓi mai kauri, ba wadda ake tanƙwarawa da filaya ba. Rauninta a sukuru yake. Irin wadda ake ɗaurawa a bakin katako, sukurunta yana shiga ne ta inda zarto ya yanka, wurin da riƙo ya fi rauni. Maganinsa a huda katakon a gicciye kusa da baki, a cusa fegin katako mai tauri da gam, yadda sukurun zai ratsa fegin ya ciji jijiya a gicciye. Ko kuma a sayi irin wadda take kwanciya a cikin katakon gefe ta ciki. Sannan a nutsar da farantin ƙugiyar ya yi daidai da fuskar katako, domin kafaɗa ta taɓa ƙafa. In ƙarfe kaɗai ke taɓa ƙarfe, gado zai yi rawa tun ranar farko. Ƙarfen kwana shi ma yana aiki, da sharaɗin a ɗaure shi da bol mai ratsawa, ba 'yan gajerun sukuru ba.

Tun da an zo kan sukuru, baƙin nan siriri da ya cika kasuwa an yi shi ne don kafa allon silin. Yana shiga da sauri, amma ƙarfensa busasshe ne, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi farat ɗaya idan nauyi ya zo masa ta gefe. Ku nemi sukurun katako mai kauri, ku fara huda masa hanya, musamman a iroko da maɗaci, inda in babu huda ko dai katakon ya tsage ko kan sukurun ya gutsure. Irin katakon ma yana da ta cewa. Obece bai kai kilo 400 a mita ɗaya ta kowane gefe ba, iroko kuwa ya haura 600. Obece yana da daɗin aiki, amma ba ya riƙe sukuru, ƙwaro kuma yana sonsa. A bar shi a bayan fuska da wuraren ado. Ƙafa da gefe a ba su mahogani ko iroko, in aljihu bai kai ba a nemi busasshiyar malaina a ƙara mata kauri.

Allon MDF kuma, wanda yanzu ya mamaye kayan ɗaki, riga ce, ba ƙashi ba. Garin katako ne aka matse da gam, ba shi da jijiya. Sukuru ta bakinsa yana raba shi biyu, in an kwance an mayar sau biyu ramin ya zama gari, ruwan goge tayil kuma yana kumbura gindinsa. Ku yi ƙashin gadon da katako na gaske, ku haɗa kusurwa katako da katako, sannan ku tufatar da shi da allon. Gindin a ɗaga shi daga ƙasa da 'yan takalman roba.

Sai ƙarƙashin katifa. Duk gadon da faɗinsa ya kai ƙafa huɗu da rabi yana buƙatar katako a tsakiya daga kai zuwa ƙafa, da ƙafarsa aƙalla ɗaya. Shida-da-shida da shida-da-bakwai a ba su biyu. In babu wannan, falankan shimfiɗa za su lotsa, su riƙa tura katakon gefe waje, nauyin ya koma kan kusurwar da muke ta lallaɓawa. Siririn katakon da falankan suke hawa a kai, a sa masa gam da sukuru duk bayan inci shida zuwa takwas, ba ƙusa ba. Tazarar falanki da falanki kada ta wuce inci uku, in ba haka ba katifar soso za ta riƙa nitsewa a tsakani, a zagi mai katifa alhali laifin kafinta ne. Inda katako yake gogar katako a goga masa kyandir, ƙara za ta ɗauke. Ku kuma tuna duk giɓin da aka bari gida ne aka gina wa kuɗin cizo. Haɗi matsattse ba ya ba shi maɓoya, wanda yake kwancewa kuma yana ba matar gida damar fesa magani har lungu.

Na san abin da za ku ce: mai kaya ya zo saura mako biyu biki, yana ta ja-in-ja a kan farashi, shagon gaba kuma zai yi masa a ƙasa da haka. Gaskiya ne. Amma bol huɗu da washa takwas ba su ne suke cinye ribar gado ba, soso da yadi da feshi ne. In dole sai an rage, a rage ado. A kira uban amarya a juya masa gadon, a nuna masa kusurwar, a ce: "Alhaji, kama nan ka girgiza." Mutumin da ya tara kuɗi shekara da shekaru don ya fitar da 'yarsa kunya yana jin wannan maganar. Araha ba ta ado, kuma matan da suka zo jere su ne za su faɗa wa na gaba sunan shagonka, ko da alheri ko da akasinsa.

Kafin gado ya bar shago a haɗa shi tsaf a ƙasa mai daidai. A auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, awo biyun su zo ɗaya. A kama saman fuska a jijjiga, yara biyu su hau su zauna a baki. A rubuta lamba a kowace kusurwa ta ciki don kada masu haɗawa su musanya. A ɗaure bol da washa a leda a manna a jikin katakon gefe, a kuma gaya wa mai kaya ya ƙara matsewa bayan hunturun farko.

Roƙona na ƙarshe ga manyan shago ne. Yaro yakan yi shekaru a hannunku ya ƙware a feshi da jan yadi, a yaye shi bai taɓa sassaƙa rami ɗaya mai kyau ba, sai ya buɗe nasa shagon da guduma da ƙusa. Ku ba shi guntayen katako da cizal ya yi ta fitar da rami da harshe har hannunsa ya faɗa, kuma kada ku sallame shi sai ya haɗa gadon da za a kwance a mayar a gabanku bai yi ƙara ba. Sana'a amana ce, wurin da mai saye ba ya gani kuma nan amanar ta fi nauyi.

Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya kawo kasuwa mai albarka.

Wassalam.

Ɗan'uwanku a sana'a.