Wai "shi kaɗai" yake tuƙi a teku, to su wa ke bayansa?

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: mutum ɗaya cikin ɗan kwale-kwale, ba inji, ba abokin hira, yana tuƙi da ƙarfin damtsensa wata da watanni. Kana duba sharhi sai ka ga ana ta zuba masa kirari, wannan ya ce jarumi, wancan ya ce namijin duniya.

Jarumtar kam akwai ta. A 2009 wata Bajamushiya, Freya Hoffmeister, ta zagaye nahiyar Ostireliya ita kaɗai ta bin gaɓar teku cikin kwana 332. A arewa ga kadoji, a wasu wuraren kuma tsaunuka ne tsaye a bakin ruwa, ba inda mutum zai tsaya ya huta. Amma fa kalmar nan "shi kaɗai" tana ɓoye abubuwa da yawa.

Ɗauki labarin Aurimas Mockus, ɗan ƙasar Lituweniya. Ya taso daga San Diego ta Amurka a watan Oktoban 2024, niyyarsa ya tuƙa har Brisbane ta Ostireliya, tafiyar kusan kilomita 12,000. Saura ƙiris ya isa, mahaukaciyar guguwar da aka sa wa suna Alfred ta rutsa da shi, kimanin kilomita 740 daga gaɓa. Me ya cece shi bayan ikon Allah? Wata 'yar na'urar neman agaji ce da ya kunna, ta aika da saƙo ta tauraron ɗan adam. Hukumar kiyaye haɗurran teku ta Ostireliya ta tura jirgin sama ya gano inda yake, sannan jirgin sojin ruwa mai suna Choules ya tsamo shi ranar 3 ga Maris, 2025.

Ka ga ashe ba shi kaɗai ba ne. Masu irin wannan tafiya suna da wayar tauraron ɗan adam, da na'urar tace ruwan gishiri, da masu duba musu yanayi daga gida, da kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsu. Ga kuma dokar teku ta duniya da ta wajabta wa jirage kai ɗauki ga duk wanda ya shiga haɗari.

To ga inda abin ya shafe mu. Duk watan Disamba ana fara gasar tsallake Tekun Atlantika da kwale-kwale daga La Gomera, ɗaya daga tsibiran Kanari na Sifaniya. Kowane kwale-kwale ana bibiyar sa a taswira, ko a wayarka za ka iya ganin inda yake. Waɗannan tsibiran dai su ne matasan Afirka ta Yamma ke nufa daga Senegal da Muritaniya, a cunkushe cikin jiragen kamun kifi. A 2024 sama da mutum 46,000 suka isa can, ƙungiyar Caminando Fronteras kuma ta ƙidaya fiye da 9,000 da suka mutu ko suka ɓace a hanyar. Dokar ceto ta shafe su, su ma. Matsalar ita ce jirginsu ba na'urar da za ta nuna inda suke, kuma sau da yawa ba wanda ya san ranar da suka taso. Wa zai nemo wanda bai san ya ɓata ba?

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, in ka ga irin wannan bidiyo, yaba, ba laifi. Sai dai kada wani dillali ya nuna maka shi ya ce teku ƙarfin zuciya kawai take buƙata. Mockus ma yana da zuciyar, amma ranar da guguwa ta zo, sai da ƙasa guda ta tashi tsaye kafin ya ga iyalinsa. Kafin ka biye wa mai ce maka "mu je kawai, Allah na nan", tambaye shi: in jirgin ya kife, wa zai sani?