A Riƙa Faɗa Mana Shekarun Da Na'ura Za Ta Yi Kafin Mu Saya

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi tsokaci a kan ƙananan na'urorin da suka zame mana dole, wato mitar wuta, wayar hannu da na'urar POS.

Ni manomi ne, da rani ina taɓa tireda a Kakuri. Masu gyara sun fahimtar da ni cewa irin waɗannan na'urori suna da 'yar ƙwaƙwalwa a ciki, da kuma manhajar da ke juya ta. Ƙarfen yana iya daɗewa garau, amma ran da masu manhajar suka ɗauke hannu, to kayanka ya mutu a tsaye, sai dai yara su yi wasa da shi.

Mu duba mitar kati. Ashe tun ranar 1 ga Janairun 1993 take ƙirga mintoci, kuma ma'ajin ƙirgar zai cika ranar 24 ga Nuwamban 2024, daga nan ta daina karɓar sabon kati. Shin an ce kowa ya ɓalle tasa ya yar? A'a. Aka ba mutane lambobi biyu, kowace mai alƙaluma 20, kyauta, kowa ya danna da hannunsa, ƙirgar ta koma daga 2014. An sha layi, an sha ƙorafi, wannan gaskiya ne, amma yawancin mitocin suna nan manne a bango suna aiki. Ke nan in an so, ana iya raya tsohon kaya.

To a waya fa? A ƙarshen 2018 WhatsApp ya daina aiki a ƙananan wayoyin Nokia masu madannai, a Oktoban 2023 kuma ya bar tsofaffin wayoyin Android. Alhali da shi ɗan tireda ke jin farashin masara kafin ya ɗauko buhu, da shi yake tura hoton kaya ga mai saye. Tun da aka rufe masaƙar KTL a 2002, mutumin Kakuri, Makera da Nasarawa lallaɓa rayuwa yake yi. Wanda ya sayar da akuya ya sayi waya ta hannu, ina ya ga wata akuyar bayan shekara biyu? Haka mai POS da ke zaune a ƙarƙashin lema, jarinsa ke nan kacokan.

Ban ce kamfani ya yi ta ɗawainiya da kaya har abada ba, su ma albashi suke biya. Amma ko maganin tari ana rubuta ranar lalacewarsa a jikin kwalba. A Tarayyar Turai, tun Yunin 2025 doka ta tilasta wa masu ƙera waya su ci gaba da sabunta manhajarta aƙalla shekara 5 bayan sun daina sayar da ita. Mu da ake jibgo wa kwance, ai mun fi su buƙata.

Don haka ina kira ga hukumar NCC da ta SON da su sa a riƙa buga wa a jikin kwali, da Hausa da Turanci, shekarar da za a daina kula da manhajar kowace waya da POS. 'Yan uwana kuma, kafin ku zaro kuɗi ku tambayi mai shago shekarar da aka ƙera kayan. In ya fara kame-kame, ku matsa shago na gaba.

Naku,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Kakuri, Kaduna.