Gwamnati Ba 'Yar Kallo Ba Ce a Bakin Ramin Ma'adinai

Akwai maganar da manyan Abuja suka riƙe kamar karatu: in rikici ya tashi tsakanin ƙungiyar ma'aikata da mai kamfanin haƙar ma'adinai, gwamnati ta tsaya tsakiya, kada ta goyi bayan kowa, don kada masu zuba jari su tsorata. Ban yarda ba, kuma ina ganin cutar talaka ce.

Ta yaya mai kaya zai zama ɗan ba-ruwanmu? Sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun ce duk arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Ita ke ba da lasisi, ita ke karɓar kasonta a kan abin da aka haƙo, ita ke da 'yan sanda. Wanda ke cin riba a rami ba shi da bakin cewa babu ruwansa da wanda ke cikinsa.

Tarihi ma bai taɓa nuna mana wannan tsakiyar ba. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnatin Turawa ta sa hukumomin En'e suka tattaro kakanninmu daga lardunan Arewa, aka kai su aikin tilas a ramukan kuza na Jos domin kamfanoni. Sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka harbe mahaƙan kwal 21 a Iva Valley ta Inugu, mutanen da haƙƙinsu kawai suke nema. A Marikana ta Afirka ta Kudu, ranar 16 ga Agusta 2012, an bindige mahaƙa 34 a yajin aikin kamfanin Lonmin, a ƙarƙashin gwamnatin baƙar fata. Duk ranar da aka zo gaɓar, bakin bindiga lebura yake kallo.

Ku tsaya bakin titi a Tungan Maje, ku ga tifofin tsakuwa da ke bi tsakanin Zuba da Gwagwalada. Wanda ya fasa dutsen nan sau da yawa ɗan aikin yini ne, babu takarda, babu inshora, ƙura yake shaƙa har ƙirji ya lalace. In ya ambaci ƙungiya, gobe wani ne a gurbinsa. Mai kamfani na da lauya da lambar wayar manya. A bar su su sasanta, wa zai yi nasara?

A Maris 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai don kare kuɗin shiga. Wata uku bayan haka rami ya rufta da mahaƙa a Galadima Kogo ta Shiroro, jihar Neja. Gwamnatin da ta iya tara dakaru saboda haraji za ta iya tura masu duba ramuka, ta kuma sa amincewa da ƙungiyar ma'aikata da biyan diyya cikin sharuɗɗan lasisi. Kamfanin da ya ƙi, a ƙwace lasisinsa.