TAKUNKUMIN HANCI BA YA MAGANIN HAYAƘI

Tun daga annobar Korona ta 2020 jama'a suka saba da takunkumin hanci, har wasu suka ɗauka shi ne maganin kowace irin muguwar iska. Wannan kuwa kuskure ne mai cin rai, musamman ga 'yan Arewa da ke aiki a masana'antun Ikeja da Ikorodu, da masu yashe rijiya ko ramin masai, da masu wanke tankokin mai a Apapa.

Kayan kare numfashi iri uku ne. Na farko shi ne takunkumi irin su N95, wanda ke tare ƙura, amma gubar hayaƙi tana ratsa shi. Na biyu wata hula ce mai rufe kai duka, da matata a jikinta, wadda aka yi domin tsira daga gobara. Takan yi aiki kamar minti 15, sai dai tace iska kawai take yi, ba ta ƙara ta. Na uku shi ne mai tukunyar iska, wanda tun 2002 ƙa'idar jiragen ruwa ta duniya ta tilasta a ajiye a cikin jirgi, kuma ya ɗauki aƙalla minti 10.

Iskar da ake shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne oksijin. A ƙasan rijiya ko cikin tanki yakan ragu ƙwarai, don haka matata ba ta da amfani a can, sai tukunyar iska. Shi ya sa sau da yawa wanda ya shiga ceton ɗan'uwansa shi ma ba ya fitowa.

To, wa zai saya? A wurin aiki nauyin yana kan mai kamfani. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta masa tanadar kayan numfashi da igiya inda ake tsoron gurɓatacciyar iska, ya kuma koya wa ma'aikata amfani da su. Lebura ba shi da kuɗin tukunyar iska, ba kuma shi ya san irin gubar da aka ajiye ba. Abin da ke kansa shi ne ya tambaya kafin ya sauka rami.

A gida kuwa, hular tsira ta isa ga mazaunin saman bene, muddin wa'adinta bai ƙare ba. Hayaƙin janareta ba shi da magani illa a fitar da injin waje, nesa da taga.

Amma kada a manta da gobarar masana'antar roba ta Ikorodu a watan Satumba na 2002, inda ma'aikatan dare da yawa suka halaka, rahotanni kuma suka ce a kulle ƙofofi suke. Waɗannan kaya 'yan mintoci kaɗai suke ba mutum. Ya kamata sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin ƙwadago su matsa wa jami'an binciken masana'antu su duba kayan, su kuma duba ƙofar fita. Allah Ya kiyaye.